Kufan Kakata a Cikin Kwamfuta

Shekara tara na yi ina buga tafireta a ofishin safiyo na Kontagora kafin a kawo mana kwamfuta, can wajen ƙarshen shekarun casa'in. A bayan a-kori-kura aka kawo ta, naɗe cikin bargo kamar mai zazzaɓi, tare da wani injiniya daga Minna, siririn mutum mai yawan duba agogo. Aka kwashe tsofaffin fayil daga ɗakin da ya fi kowanne sanyi aka ajiye ta, aka kafa doka: ba a shiga da takalmi, ba a shiga da abinci. Ni da na saba cin gyaɗa a kan tafireta tun ina budurwa, dokar abincin nan ta fi komai yi mini ciwo.

Aikin ruwa ne ya kawo ta. Za a haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan da kurkunu ya addaba, ana son jerin ƙauyukan duka da inda kowanne yake a doron ƙasa, tun daga ɓangaren Ibeto har Kaboji da Zugurma. Mu za mu rubuta, mu zuba a diski, direba ya kai Minna, kwamfutar can ta karanta ta zana taswira, masu motar haƙa su bi taswirar. Ba wanda zai sake zuwa ya tambayi kowa komai. Inda lamba ta ce, nan za a kafa famfo.

Injiniya ya zaunar da ni ya koya mini rubutun. Ba irin wasiƙun da na saba bugawa ba ne. Kowane abu sai an buɗe masa alama, a saka shi, a rufe. Alamar buɗewa kalma ce a tsakanin baka biyu masu tsini, ta rufewa ita ce dai, sai dai da 'yar sanda a karkace a gabanta. Ka buɗe ƙauye. A cikinsa ka buɗe suna, ka rubuta sunan, ka rufe. Ka buɗe arewa, ka sa lamba, ka rufe. Ka buɗe gabas, ka sa lamba, ka rufe. Sannan ka rufe ƙauyen gaba ɗaya. Lambobin nan biyu su ke faɗin inda gari yake, ɗaya ta faɗi nisan da ya yi arewa, ɗaya ta faɗi nisan da ya yi gabas.

Ya yi ta bayani da Turanci har gumi ya karyo masa. Na ce, "Injiniya, ashe dai kwanukan abinci ne. Kowane kwano da murfinsa, ƙanana a cikin babba."

Ya dube ni. "To, Malama, haka ne. Amma idan kika bar kwano ɗaya a buɗe, kwamfutar Minna ko loma ɗaya ba za ta ci ba. Duk tiren za ta maido miki."

Haka kuwa aka yi sau biyu a watan farko. Direba ya je Minna ya dawo da diski saboda murfi ɗaya da na manta, ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwata. Injiniya ya kuma nuna mini wata alama dabam, wadda ya ce ta masu rubutu ce kawai, don su bar wa junansu bayani. Duk abin da aka sa a cikinta kwamfuta tsallake shi take yi, ba ta karantawa.

"Ko zagina kika rubuta a ciki, ba za ta sani ba," in ji shi.

Na ce masa ya daina ba ni shawara.

Ina son aikin, ba zan ɓoye ba. Bazara ce, garin ya yi zafi har kwalta tana narkewa, amma ɗakin nan kullum labulensa a sake yake, fanka tana juyawa a hankali idan akwai wuta, idan babu janareto yana gurnani a bayan taga. Haruffa suna fitowa kore-kore a kan baƙin gilashi. Lambobin kuwa daga tsofaffin taswirori muke ɗebo su, waɗanda aka zana tun ba a haife ni ba, takardunsu sun yi launin shayi. Mai karanto mini su wani dattijo ne da duk ofis ke kira Baba. Da jan sarƙar awo ya fara aiki yana saurayi, ya taka kusan duk dajin da ke cikin taswirorin nan da ƙafarsa, a lokacin kuma saura 'yan watanni ya yi ritaya. Zai shimfiɗa taswira a tebur, ya ɗora rula, ya sunkuya har gemunsa yana shafar takarda, ya karanto suna da lambobi. Sai kuma ya ƙara da nasa.

"Nan ne aka ba ni fura mai tsamin da har yau haƙorina bai manta ba."

"Baba, babu kwanon fura a ciki."

"To rufe. Na gaba. Nan kuma akuya ta cinye mini rabin littafin awo."

Da haka muke wuni. Wani lokaci muryarsa takan yi nisa, in ga kamar ba a ɗakin nake ba. Ina buɗe ƙauye sai in ji ƙamshin hayaƙinsa, in ga mata suna shanya ƙwarar kaɗanya a kan fako, in ji luguden taɓarya daga wani gida. Ina rufewa komai ya yi tsit, na gaba ya buɗe da nasa hayaƙin. Garuruwan da ban taɓa zuwa ba a haka na san su, har na ware waɗanda nake so da waɗanda ba na so, alhali ba su yi mini komai ba. Sau da yawa sai Baba ya ƙwanƙwasa rula a tebur kafin in dawo.

Ranar wata Alhamis ya karanto sunan tungar kakata. Hannuna ya buga sunan da kansa, ya buga lambar arewa, sai na tsaya. Na tashi na leƙa inda bakin rularsa yake. Ɗigon yana gindin wani ɗan tudu, hagu da hanyar shanu. Na san tudun sarai, amma tungar ba a nan take ba.

Mahaifiyata Bakambariya ce, daga wata tunga a bayan Ibeto aka auro ta zuwa cikin gari. Mutanensu suna da wata al'ada: idan wuri ya ƙi su suka tashi, ba sa barin sunan gari a baya. Ɗaukarsa suke yi tare da turmi da tukwane, su kai shi inda suka sauka su ajiye. Rijiyar tsohon wurin ta ƙafe ina 'yar firamare. Aka yi ta yasarta ana ƙara zurfi har aka gaji, sai suka gangara kusa da rafi, tafiyar kusan awa ɗaya, suka yi sabbin ɗakuna, suka ci gaba da amsa sunansu na da. Duk wanda ya tambayi tungar a tashar Ibeto sabon wurin za a kai shi. Taswira ce kaɗai ba wanda ya je ya gaya mata. Tana nan tana nuna kufai, inda babu kowa sai gara.

Rafin kuma shi ya kawo musu kurkunu. Da rani yakan tsinke ya zama 'yan kududdufai, a nan mutane ke sha, a nan shanu ke sha. Dalilin da ya sa sunansu ya shiga jerin ke nan. Idan na buga abin da Baba ya karanto, motar haƙa za ta wuce su ta je ta kafa famfo a daji.

Na sami Injiniya a ƙofar ɗakin yana shan mangwaro, tunda dokarsa ta hana shi sha a ciki. Na gaya masa komai.

"Malama, abin da ke taswira shi za ki buga."

"Taswirar ta yi ƙarya."

"Tsufa dai ta yi. Kina da lambobin sabon wurin?"

"Ina da kaka a can, da kawu, da matarsa."

"Ba a buga kaka. Ki kawo lamba biyu in karɓa."

"To a sa duka mana, tsoho da sabo."

"Ƙauye ɗaya, ɗigo ɗaya, famfo ɗaya. Idan kwamfutar Minna ta ga arewa biyu a ƙauye ɗaya za ta maido da diskin, sauran ƙauyukan ma su shiga jira. Direba zai tafi ranar Litinin."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ni kuma idan raina ya ɓaci bakina ba shi da linzami. Na ce masa wanda bai taɓa shan ruwan kududdufi ba shi ke da bakin cewa ɗigo ɗaya. Ya goge hannunsa da hankici. Daga baya na gane ba laifinsa ba ne, shi ma haka aka tsara masa, amma ban ba shi haƙuri ba, kuma har yau ban ba shi ba. Baba ne ya ja ni gefe. Ya ce akwai turken siminti da suka kafa da hannunsu a kan tudun nan, lambobinsa suna cikin littafi. Idan turken yana nan, shi da kamfas ɗinsa da ƙafafunsa za su iya auno sabon wurin daga can.

"Ƙafafun naka, Baba?"

"'Yata, takuna bai canja ba tun kafin a yi auren uwarki. Gwiwa ce kawai ke gunaguni."

Ranar Asabar da sassafe muka hau mota zuwa Ibeto, daga nan muka ɗauki kabu-kabu biyu. An yi ruwan farko a makon, ƙasa tana ƙamshi, ciyawa ta fara leƙowa, kaɗanya ta fara zubar da 'ya'ya a gefen hanya. Da hantsi muka isa.

Wadda na fara gani matar kawuna ce, zaune a kan turmin da aka kwantar, ƙafarta ɗaya a miƙe. Kurkunu ya fito mata a idon sawu, farin abu siriri kamar zaren ɗinki, an naɗe kansa a jikin tsinke ana murɗawa kaɗan-kaɗan kullum. Ga ciki ya tsufa. Ta yunƙura za ta tashi ta gaida Baba, ya hana ta. Ta ce da ni tana dariya, wai bana shuka sai dai ta yi da baki. Na kasa mayar mata da dariyar.

Kaka ta fito daga ɗaki tana dogara sanda. Ƙaramar mace ce, kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu sauka, don matan wajen a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ita kuwa ta ɗauki nata ta ɗauki na wasu.

"Ƙawata 'yar birni," ta ce, da Hausarta mai nauyin harshen Kambari. Ta dubi Baba sama da ƙasa. "Miji kika kawo mini?"

"Kaka, wannan ya fi ƙarfinki, ma'aikacin gwamnati ne."

"Ashe gwamnati ma tana tsufa."

Da na gaya mata abin da ya kawo mu, cewa za mu je kufai mu nemo turke, sai ta juya. Ta koma ɗaki ta sako mayafinta na zuwa unguwa. Kawu ya ce tafiyar ta yi mata yawa. Ta ce ita ta san hanya, mu ba mu sani ba. Ba gaskiya ba ne, amma ba wanda ya yi mata musu.

Ban taɓa ganin Kaka tana sauri irin na ranar ba. Hanyar hawa ce, amma ita ce a gaba, sandarta da ƙyar take taɓa ƙasa. Kufan ya koma daji. Ni da na yi wasa a wurin ina ƙarama, ban gane komai ba sai wata babbar tsamiya. Ita kuwa ta shiga kamar mai shiga gari cike da mutane. Ta zo wani fili sai ta kauce ta zagaya, ta ce nan katangar maƙwabtansu ce. Ta sunkuyar da kai a inda babu komai, wai ƙofar gidansu ce, gajeriya ce, in kula. Sai na ga ni ma na sunkuya. Ta riƙa nunawa da sanda: nan ɗakinta, nan rumbu, nan aka haifi mahaifiyata ana tafka ruwa, nan dutsen niƙa. Shi kam yana nan, rabinsa a cikin ƙasa, ruwan sama ya taru a cikinsa. Tana faɗa ina gani. Wallahi na ga hayaƙi yana tashi daga murhun da babu shi, na ji kukan ɗan akuya a bayan rumbu. Irin abin da ke samuna a gaban kwamfuta ne, sai dai wannan karon ba ni nake buɗewa ba.

A bayan tsamiya ta tsaya. Duwatsu ne a jere, ciyawa ta rufe su. Kakana ne a nan, da 'ya'yanta biyu da suka rasu suna ƙanana, waɗanda ban taɓa jin sunansu ba sai ranar. Ta yi musu sallama, ta zauna a ƙasa ta fara cire ciyawa da hannu. Na zauna na taya ta. Baba ya hau tudu yana neman turkensa.

"Wannan takarda taku," ta ce, ba ta ɗago ba, "nan ta ce garinmu yake?"

"Nan ta ce, Kaka. Shi ya sa muka zo mu gyara."

"Gyara me? Ai ta faɗi gaskiya."

Na yi mata bayani a hankali, cewa inda lamba ta nuna nan za a kafa famfo, kuma famfo ɗaya ne. Ta saurare ni har na gama. Ashe ta riga ni fahimta tun a gida, shi ya sa ta sako mayafi.

"Ki bar ta yadda take. Ruwa ne ya tashe mu. In ruwa ya dawo nan, mutane za su dawo. Ni ma in dawo, in kwanta kusa da su. Can ƙasa baƙunta muke yi."

"Kaka, kawu ya yi gonarsa a fadama. Sun yi ɗakuna. Ba za su dawo ba."

"Za su dawo. Ba ƙarya na ce ki yi ba. Abin da tsohon nan ya karanta miki shi za ki buga. Hannunki kawai za ki bari." Ta jefar da ciyawar da ke hannunta. "Ban taɓa roƙonki komai ba, ƙawata. Ko sabulu ban taɓa cewa ki kawo mini ba."

Gaskiya ta faɗa. Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Daga kan tudu Baba ya kira ni, ya ga turke. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Da na yi shiru ranar Alhamis da ba a ɗora mini wannan ba.

Baba ya tsaya a kan turken, ya ɗora kamfas a tafin hannu, ya saita wata doguwar ɗorawa da ke can ƙasa, ya rubuta a littafinsa. Ya sa na tsinci ƙwarar kaɗanya cike da hannu biyu. Duk taku ɗari zai ce "ɗaya", ni kuma in jefa ƙwara ɗaya a bakin gyalena. Ya hana a yi masa magana. Haka muka gangaro, shi a gaba leɓensa yana motsi, ni a tsakiya, Kaka a baya, saurin nan nata duk ya tafi. Idan ya kai bishiyar da ya saita sai ya tsaya ya saita wata, in ƙirga masa ƙwarar ya rubuta. Rana ta take, hadari yana haɗuwa a gabas, iska ta tsaya cak. Ba abin da ake ji sai takunsa da sandar Kaka, sai "ɗaya" lokaci-lokaci. Na riƙa tafiya kamar mai barci, ina jin gyalen yana ƙara nauyi. Ina tunanin wannan shi ne nisan da ke tsakanin Kaka da mutanenta. Sai kuma in tuna shi ne nisan da matar kawu za ta riƙa yi da tulu. Da muka iso tsakiyar tunga ƙwara arba'in da ɗaya ce a gyalena.

Baba ya zauna a inuwa ya yi lissafinsa, ya yago takarda ya rubuta lambobi huɗu. A mota muna komawa ya miƙo mini.

"Ga na kufai a sama, ga na tunga a ƙasa. Ni idona ba ya ganin rubutun akwatin nan, duk wanda kika buga ban sani ba."

Ashe ya ji mu daga kan tudu.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa ofis, har mai shara. Na cire takalmi, na kunna kwamfuta, na gangara zuwa tungar. Lambar arewa ta kufai tana nan yadda na bar ta ranar Alhamis, kwanon a buɗe, ɗan ɗigo yana ƙyaftawa a ƙarshenta. Abin da ya fi sauƙi shi ne in ƙarasa. Ba wanda zai kama ni da laifi, Injiniya ma haka ya ce a yi tun farko. Ina son Kaka fiye da yadda nake son kowa a tungar nan, har da matar kawun. Amma na san kawuna, ba zai bar fadama ba ko da zuma famfon ke zubarwa. Matarsa ce za ta riƙa hawa tudun nan da tulu a kafaɗa da goyo a baya, taku dubu huɗu da ɗari zuwa, haka dawowa, ranar da ta gaji ta koma kududdufi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma na ga ƙafar nan da idona.

Na danna maɓallin gogewa. Kowace dannawa tana cin lamba ɗaya daga baya, ba ƙara, ba tabo. A tafireta idan ka yi kuskure farin ruwa kake shafawa, tabon yana nan, ana iya ɗaga takardar a rana a ga abin da ke ƙasa. Nan kuwa kamar ba a taɓa rubuta komai ba. Na buga sabbin lambobin, na rufe arewa, na rufe gabas. Kuka ya zo mini. Na ji haushin kaina, na ji haushin Kaka da ta ɗora mini, har rijiyar da ta ƙafe sai da na ji haushinta.

Kafin in rufe ƙauyen na tuna da alamar nan da kwamfuta ba ta karantawa. Na buɗe ta, na sa lambobin kufai biyu. Niyyata ke nan kawai, amma da na fara sai na kasa tsayawa. Na rubuta da Hausa cewa akwai tsamiya. Akwai dutsen niƙa, rabinsa a cikin ƙasa. Ƙofar gidan gajeriya ce, a sunkuya. A bayan tsamiya mutum uku suna kwance, na sa sunayensu. Na rufe alamar, sannan na rufe ƙauyen.

Da Injiniya ya zo duba aikin kafin a zuba a diski, ya yi ta gangarawa da sauri har ya zo wurin, sai ya tsaya. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ta isa. Ya karanta har ƙarshe. Na shirya masa amsa mai zafi, sai bai ba ni dama ba.

"Wannan ba zai hana kwamfutar Minna ci ba," ya ce, ya duba agogo, ya kira direba.

Motar haƙa ta je da ranin da ya biyo baya. Ban je ba. Ni da ba na wata biyu ban leƙa tungar ba, na yi kusan shekara ban taka ta ba. Ina aika gaisuwa ta hannun mahaifiyata, da sabulun da ba a roƙe ni ba. Na ce aiki ne ya yi yawa, amma tsoro ne kawai.

Ranar da na je, tun daga nesa na ji ƙarar famfon tuƙa-tuƙa. Yana tsakiyar tunga, kusa da inda Baba ya ce "ɗaya" ta ƙarshe. Matar kawu ce ke tuƙawa da yarinya a baya, tabo ne kawai ya rage a idon sawunta. Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta. Ta rame, kuma an ce mini yanzu ko bayan gida sai an riƙe ta. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta tsokane ni ba, ba ta tambayi miji ba. Ta sa aka ɗebo ruwa a ƙoƙo, ta karɓa ta miƙo mini da hannunta.

"Sha. Naki ne."

Na sha. Da sanyi, da ɗan ɗanɗanon ƙarfe.

"Ni ma shi nake sha," ta ce. "Cikina ya daina ciwo."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna kusa da ita muna kallon mata suna jera tulu.

"Yanzu kam ba za su koma ba," ta ce.

"Ba za su koma ba, Kaka."

"A akwatin naku, kin share mu?"

Na gaya mata gaskiya. Na ce na sa tsamiya, na sa dutsen niƙa da ƙofa, na sa su ukun da sunayensu, amma a wurin da injin ba ya karantawa. Ba zai fito a taswira ba. Ba wanda zai gani sai wanda ya buɗe da hannunsa.

"Ke kina buɗewa?"

"Ina buɗewa."

Ta karɓi ƙoƙon tana juya shi a hannunta. "To, ƙafata ba ta kai ni yanzu. In kin buɗe, ki yi musu sallama."

Da daminar shekarar ta rasu. An binne ta a sabuwar tunga, bayan gidan kawu, inda ake jin ƙarar famfo. Rafin da ke kan hanyar tudu ya cika, ba a ma yi maganar kai ta kufai ba.

Ranar da na koma aiki bayan addu'ar bakwai, na cire takalmi a ƙofa, na kunna kwamfuta, na gangara ina wuce ƙauyukan da nake so da waɗanda ba na so har na iso tungar. Na shiga cikin alamar nan, na wuce tsamiya, na wuce dutsen niƙa da gajeriyar ƙofa. A ƙarƙashin sunan kakana na ƙara nata. Ba a can take kwance ba, na sani, kuma ita ce ƙarya ɗaya tilo da na taɓa bugawa a aikin nan. Na yi musu sallama su huɗun, sannan na rufe.